Maigidana ya bar sigari ya koma tabar lantarki, yanzu tari ya hana mu barci

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni matar aure ce a Jos, wajen Rikkos, 'ya'yanmu biyu. Maigidana yana harkar kayan gwari a Farin Gada. Tun kafin aurenmu yake shan sigari, amma a waje yake sha, bai taɓa kunna ta a gabana ba. Bara wani abokinsa ya kawo masa tabar lantarki daga Abuja, irin wadda ake yi wa caji kamar waya, mai ƙamshin mangwaro. Ya ce masa Turawa sun tabbatar ba ta da illa, tururi ne kawai. Da farko har murna na yi, don wari ya bar kayansa. To yanzu ba ta barin hannunsa, a falo, a kan gado, har a mota da yara a ciki. Tun shigowar sanyin nan yake wani busasshen tari da ya kai wata biyu, idan ya hau bene sai haki. 'Yarmu Hanifa mai shekara huɗu tana da asma, a watan nan sau biyu muna kai ta asibiti cikin dare. Da na yi masa magana sai ya ce ƙura ce da sanyi, kuma idan na matsa masa zai koma sigari. Wani lokacin ma ina jin warin sigarin a rigarsa. Ga ƙaninsa ɗan shekara 17 da ke zaune da mu, na kama shi yana zuƙa a ɓoye. Anti, da gaske ne ba ta da illa? In kai ƙararsa wurin Hajiyarsu ko in yi shiru?

Maman Hanifa, Jos

Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Allah ya ba Hanifa lafiya, ya sassauta wa babanta.

Maganar Hajiya ki jingine ta tukuna, akwai abin da ya riga ta. Tarin wata biyu, ga haki, a ƙirjin mutumin da ya daɗe yana shan sigari, ba abin da za a zauna a gida ana gardamar musabbabinsa ba ne. Ke kin ɗora wa tabar lantarki, shi ya ɗora wa ƙura, kuma zai yiwu duk ku biyun kun kauce. Ƙa'idar asibiti ita ce duk tarin da ya wuce mako biyu a gwada majina saboda tarin fuka. Najeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta, mai shan taba kuma ya fi saurin kamuwa da ita. Gwajin kyauta ne a asibitocin gwamnati, maganin ma haka. Ban ce ita ce ba, amma a gidan da ƙananan yara ke kwana ba a barin irin wannan a kan zato. Zai iya kuma zama ƙunƙuncewar hanyoyin iska da tsohuwar sigarin ta bar masa, ko asma ce ta bayyana masa da girma, ko kuma sabuwar abokiyar tasa, wato tabar lantarkin, ce ke ƙaiƙayar maƙogwaro da huhu. Hoton ƙirji da gwajin hura iska ne za su raba gardama. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, ga Asibitin Ƙwararru na Filato, duk ba su yi muku nisa ba.

Idan ya je, ya faɗa wa likita gaskiya, ya ma tafi da abin a nuna. Maza da yawa idan aka ce "kana shan taba?" sai su ce "ai na daina", alhali na'urar na cikin aljihun gaba. Kafin nan kada ki biye wa siyo kafso da maganin tari a kemis. Suna rufe alamar ciwo ne su ja lokaci. Idan kuwa kika ga jini a majina, ko zufa ta jiƙa shi da dare, ko yana ramewa, ko zazzaɓi da amai sun haɗu da sarƙewar numfashi, ko ƙirjinsa ya soke shi farat ɗaya, to a ranar za a tafi, ba a jira gobe.

Yanzu batun "tururi ne kawai". Tururi shi ne abin da ke tashi daga tukunyar ruwan zafi. Abin da ke cikin wannan na'ura wani ruwa ne mai yauƙi da aka haɗa da nikotin, wato sinadarin taba da ke sa mutum ya kasa daina ta, da kayan ƙamshi, da sinadarai biyu masu riƙe su, ɗayansu kin san shi sarai: gilisarin, wanda muke zubawa a man shafawa lokacin hunturu. Batir na zafafa wata siririyar waya, wayar ta mayar da ruwan hazo mai ɗauke da mitsi-mitsin ɗigo, su kuma su wuce can ƙasan huhu inda iska ke shiga jini. Gilisarin ba ya cutar da fata, ciki ma yana iya da shi. Amma huhu ba ciki ba ne. Ruwan sha ma idan ya bi hanyar iska ai kin san yadda ake ƙwarewa. Kayan ƙamshin nan na mangwaro da na kankana da na minti, an yarda da yawancinsu ne a matsayin abin da za a ci, ba abin da za a dafa a shaƙa safe da yamma ba.

Zafin kansa yana sauya su. Idan wayar ta yi zafi sosai, musamman da ruwan ya kusa ƙarewa har mai sha ya ji ƙauri a baki, ana samun fomalin, sinadarin da ake adana gawa da shi, da wani mai suna akrolin, wanda shi ne ke sa ido hawaye idan mai ya ƙone a kasko. An kuma samu burbushin ƙarafa daga jikin wayar a cikin hazon, har da dalma. Adadinsu yawanci bai kai na hayaƙin sigari ba, amma suna nan. A hanyoyin iskarmu akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, aikinsu su share ƙura da ƙwayoyin cuta su turo su sama cikin majina. Hayaƙin sigari na kassara su, binciken ɗakin gwaji kuma ya nuna hazon nan ma yana raunana su. To ki haɗa wannan da ƙurar hunturu, da sanyin garin da ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200. Abban Hanifa bai yi ƙarya ba da ya ambaci ƙura da sanyi, sai dai hujjar tasa a kansa ta faɗo: lokacin da ƙirji ya fi bukatar masu sharar nan, lokacin ne yake ƙara musu aiki.

Duk da haka ba zan ce miki abokin nasa ƙirƙira ya yi ba, domin idan kika je wa maigidanki da cewa tabar lantarki ta fi sigari muni, zai buɗe waya ya ƙaryata ki, daga nan kuma ba zai ƙara sauraronki ba. Maganar tana da tushe. A 2015 hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta fitar da rahoton da ya ce illar tabar lantarki ta yi ƙasa da ta sigari da kimanin kashi 95 cikin 100. Ƙiyasin masana ne, kuma an yi ta ce-ce-ku-ce a kan wannan lamba, amma asalin batun gaskiya ne: ƙonewar ganye ce ke haifar da kwalta da iskar gubar da ke cikin sigari, ita kuwa wannan ba ta ƙona ganye. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo ciwon daji, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe har rabin masu shanta da ba su daina ba. Abin da aka gwada da irin wannan aka ce ya fi sauƙi, dama-dama ne, ba lafiya lau ba.

Akwai kuma sharuɗɗan da abokin bai kawo tare da kyautar ba. Sauƙin na wanda ya bar sigari gaba ɗaya ne. Wanda ke zuƙar wannan a gida, ya kunna waccan a kasuwa, bai tsira da komai ba, don ko kara ɗaya zuwa biyu a rana na taɓa zuciya da jijiyoyin jini. Warin da kike ji a rigarsa ya sa nake zaton a nan maigidanki yake. Sannan Ingilar da ake kafa hujja da ita ta ɗaure wa abin ƙafa: dokarsu ba ta yarda nikotin ya wuce miligiram 20 a kowace mililita ba, sun hana saka wani sinadarin ɗanɗanon bota tun 2016, wanda shi ne ya lalata huhun wasu ma'aikatan masana'antar gugguru a Amurka, a watan Yunin 2025 kuma suka haramta sayar da irin wadda ake jefarwa idan ta ƙare. Indiya ta haramta tabar lantarki ɗungurungum tun 2019. Ki duba jikin tasa. Idan kin ga an rubuta 5%, miligiram 50 ke nan a kowace mililita, ninki biyu da rabi na abin da Ingila ta yarda. Wa ya duba abin da ke cikin wadda aka saya a shagon kayan waya ko aka yi oda ta Instagram?

Tambayar ba ta neman magana ba ce. A 2019 wani ciwon huhu ya ɓarke a Amurka tsakanin masu zuƙar irin wannan na'ura, galibinsu matasa. Zuwa Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 2,807, cikinsu 68 suka rasu. Da aka bi sawu sai aka tarar yawanci ruwan tabar wiwi ne da aka saya a bayan fage, masu haɗawa suka surka shi da wani man bitamin E don ya yi kauri. Wato ba irin ta maigidanki ba ce ta yi wannan ɓarna, in dai nikotin ne kaɗai a ciki. Amma ki lura, abin da ya kwantar da su abu ne da ake shafawa a fata, ana ma haɗiyarsa a matsayin magani. Na'urar kanta ba ta daɗe a duniya ba. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera irin ta yanzu a 2003. Sigari ta yi shekaru da yawa a bakin mutane kafin likitoci su tabbatar da alaƙarta da ciwon dajin huhu a shekarun 1950. Duk wanda ya rantse miki cewa wannan ba ta da illa, ya riga malam masallaci.

Abin da aka riga aka gani kuwa ya shafi gidanki kai tsaye. Babban rahoton da majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar a 2018 ya sami shaidar ƙaruwar tari, da kukan ƙirji, da tashin asma ga matasan da ke sha. Hazon da mai sha ke fesowa kuma ba ya ɓacewa don ido ya daina ganinsa. Yana ɗauke da nikotin da ƙananan ɗigon nan, yana sauka a kan labule da matashi da kujerar mota. Hanyoyin iskar mai asma sun riga sun kumbura, abu kaɗan ke sa su tsuke, har turare mai ƙarfi. Yarinya 'yar shekara huɗu tana numfashi da sauri fiye da babba, ga tagogi a rufe saboda sanyi. A kan Hanifa babu sulhu: ba a ɗaki ba, ba a falo ba, ba a mota ba ko da gilashi a sauke. Kuma na'urar da ruwanta su yi nesa da hannun yara, don ƙamshin alewa gare su, nikotin kuwa guba ne ga ƙaramin jiki. A 2014 an rasa yaro ɗan shekara ɗaya a Amurka bayan ya sha irin wannan ruwa.

Ke ma akwai naki, ƙanwata, kuma na san ba za ki so jin sa ba: turaren wuta. Shi da maganin sauro mai hayaƙi da kaskon garwashin da ake shigarwa ɗaki cikin sanyin Disamba, duk suna tayar da asma, garwashin ma a rufaffen ɗaki yana iya kisa. Ki turara kayanki a waje, ki ɗaura wa yara gidan sauro. Zuwa asibiti sau biyu cikin dare a wata guda alama ce asmar ba ta kwanta ba, don haka ki nemi likitan yara ya sake duba magungunanta. Bayan inhelar buɗe ƙirji akwai ta rigakafi da ake shaƙa kullum, akwai kuma mazubin da ake jona wa inhela don maganin ya isa huhun yaro maimakon ya tsaya a baki. Kada ki saurari masu cewa wanda ya fara inhela ya ɗauru da ita har abada. Idan kika ga haƙarƙarinta na lotsawa, ko ta kasa ƙarasa magana, ko leɓɓanta sun sauya launi, asibiti nan take.

Barin turaren nan zai kuma buɗe miki ƙofar magana. Ki lura da wani abu a wasiƙarki: mutumin nan shekara da shekaru yana fita waje ya sha sigarinsa, bai taɓa kunnawa a gabanki ba. Mai kunya ne, mai ganin girman gidansa. Bai sauya hali ba, an dai gaya masa cewa wannan ba hayaƙi ba ne, ya kuma yarda. To ba sabon abu za ki nema a wurinsa ba, tsohuwar al'adarsa za ki roƙa ya dawo da ita. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ba yana riƙe da ita ba, ba a gaban ƙaninsa ba. Ki ce, "Abban Hanifa, ni na bar turaren wuta a ɗaki saboda ƙirjin yarinyar nan. Ban ce ka daina yau ba, roƙona ka riƙa fita da ita kamar da." Sannan ranar komawa asibiti ki ce ya raka ku, ki tambayi likita a gabansa. Abin da ya ƙi ji daga matarsa sau da yawa yakan karɓa daga mai farar riga, a nan kuma sai a shigo da zancen nasa tarin.

Fitar nan ma magani ce. Karan sigari yana ƙarewa, mutum ya yar ya koma aikinsa. Wannan ba ta ƙarewa, shi ya sa kika ga ba ta barin hannunsa, kuma zai yiwu nikotin da yake sha yanzu ya fi na da. Wanda sai ya saka rigar sanyi ya fita tsakar gida kafin ya zuƙa, zai rage ko bai yi niyya ba.

Barazanar komawa sigari kada ki ɗauke ta rainin hankali kawai. Tsoro ne ke magana. Ya san yadda jikinsa ke yi idan ya rasa nikotin. Kuma idan ya koma ɗin, an yi babbar asara. Saboda haka kada ki ɓoye na'urar, kada ki fasa ta, don mai shago na bakin layi da sigarinsa. Abin da za a fara kashewa shi ne sauran karan da yake sha a kasuwa. Idan wannan ya tabbata, sai ya sauko da ƙarfin nikotin mataki-mataki, ya kuma sa ranar ajiye ta. Akwai cingam da filasta masu nikotin a wasu manyan shagunan magani, likita zai faɗa masa adadin da ya dace da shi. Makon farko ne mai wuya: faɗa ba dalili, rashin barci, yawan jin yunwa, ciwon kai. Yawanci cikin mako biyu zuwa huɗu abin ke lafawa, kowace sha'awa kuma 'yan mintoci take yi ta wuce. Ki shirya haƙurin wannan mako, kada ki riƙe abin da zai faɗa a cikinsa. Azumi dama ce babba. Wanda ke wuni tun asuba har magariba bai zuƙa ba ya riga ya nuna wa kansa zai iya, sai dai a kula da abin da hannu ke fara nema bayan shan ruwa.

Ƙanin nasa kuwa, duk wancan lissafi na dama-dama bai shafe shi ba, tunda ba sigari yake gudu ba. Huhu mai lafiya ne ake koya wa abin da bai sani ba. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa nikotin ke kama matashi da wuri, rahoton 2018 ɗin nan kuma ya nuna matasan da suka fara da wannan sun fi saurin gwada sigari. Dokar hana yaɗuwar shan taba ta Najeriya ta 2015 ma ta haramta sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 taba. Kada ki yi masa faɗa da kanki, kada kuma ki rufa masa. Ki gaya wa yayansa a keɓe, ba da sigar "ka ga abin da ka jawo" ba. Amana ce iyaye suka ba shi, kuma zai gane da kansa a hannun wa yaron ya gani. Ina kyautata zaton wannan labari zai taɓa shi fiye da tarinsa. Ya kuma bincika ko yaron na da tasa, da abin da ake zuba mata, domin a irin wannan na'ura ake shigar da ruwan wiwi ba tare da wari ya tona ba.

Sai Hajiya. Wataƙila ba ta ma san ɗanta na shan taba ba. Idan kika kai mata yanzu, abin da zai ji kawai shi ne matarsa ta tona masa asiri, sai zancen ya tashi daga ƙirjin Hanifa ya koma kan ladabinki, shi kuma ya koyi ɓoyewa. Ki ba hanyar likita dama. Idan bayan ya ji daga bakin likita ya ci gaba da fesawa inda yarinyar take, ko ya ƙi zuwa gwajin majina, to haƙƙin yara ya wuce rufin asiri. Ki fitar da su daga ɗakin duk lokacin da ya ɗauko ta, ki nemi amininsa ko wansa da yake jin nauyi. Idan wannan ma bai yi ba, ki sanar da shi tun da wuri cewa za ki je wurin Hajiya, kada ya ji daga sama. Idan kin je, ki tafi da katin asibitin Hanifa, ki fara da numfashin jikarta, ki bar ta ta tambayi dalili da kanta.